Tambaya Da Amsa: Wai Me Ke Samun Fata Ne In Shekaru Suka Fara Ja?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu akan fata ne kamar an haɗa baki, shine nace bari kawai mu bar wa fata filin gaba ɗaya. Waɗanda suka yi kama da juna na haɗe su a amsa ɗaya, wanda bai ga tasa tambayar ba ya duba da kyau, ƙila wani ya tambayar masa.

TAMBAYA: Likita barka da ƙoƙari. Ni dai shekarata 46, wallahi cikin shekara biyun nan sai naga fuskata kamar ta zubo, wani layi ya fito min daga gefen hanci zuwa baki, ƙasan idona ya faɗa, kuma ban rame ba ban yi ciwo ba. Al'adata ma ta fara wasa. Wata ƙawata tace in sayi garin kolajin in dinga sha, da man kolajin na shafawa, wai zai dawo min da fuskar. Dan Allah yana aiki kuwa ko asarar kuɗi zan yi?

AMSA: Hajiya sannu, kuma ki kwantar da hankalinki ba ciwo ba ne. Amma bari in ɗan ja ki baya kaɗan dan in kika gane yadda fatar take sauran bayanin zai zo da sauƙi, har ma ga masu tambayoyin da ke ƙasa.

Fata hawa uku ce. Ta sama wadda kike gani kike shafa wa mai siririya ce sosai, kullum a ƙasanta jiki na ƙirƙiro sabbin ƙwayoyi suna turo tsofaffi sama har su mutu su kaɗe, a jikin matashi wannan zagayen yakan ɗauki kamar wata guda, in shekaru suka ja sai ya dinga jinkiri, matattun su daɗe a sama, shiyasa kike ganin fuska ta dusashe ba ta sheƙi kamar da. Ta tsakiya ita ce mai aikin gaske, nan jijiyoyin jini suke, da jijiyoyin da kike jin zafi da sanyi da taɓawa da su, da tushen gashi, da inda zufa da maiƙo ke fitowa, sannan da wasu zaruruwa iri biyu, kolajin mai ba fata kauri da ƙarfi, da ilastin mai sa ta koma mazauninta in an ja ta. Ta ƙasa kuma kitse ne, shi ke cika fuska yana kuma riƙe ɗumin jiki.

Ilastin ɗin nan kamar robar wando yake, tana sabuwa in kin ja sai ta koma, in ta sha wanki da rana sai ta saki, kuma abin haushin shine da zarar mutum ya gama girma jiki kusan ya daina yin sabo, wanda kika tashi da shi da shi za ki tsufa. Kolajin shi jiki na ci gaba da yi amma abin da ake rushewa ya fi wanda ake ginawa, wani bincike da aka buga a Ingila a 1975 ya nuna babban mutum na rasa kusan kashi 1 cikin 100 na kolajin ɗin fatarsa duk shekara. Wannan a hankali yake tafiya ba kya ma lura. Inda mu mata abin ke zo mana da gudu shine lokacin ɗaukewar al'ada, sinadarin istirojin da ke taimaka wa fata ya yi ƙasa, mace kan iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin a shekara 5 na farko bayan al'ada ta ɗauke. Kinga ke da kika ce taki ta fara wasa, bakin wannan lokacin kike, shiyasa kika ga canjin kamar dare ɗaya. Ga kitsen kumatu da ke raguwa yana kuma gangarowa ƙasa, har ƙashin da ke kewaye da ido da na muƙamuƙi yana ɗan zaizayewa, wannan layin na gefen hanci daga nan yake, babu man da zai kai can.

To maganar ƙawarki. Man kolajin na shafawa ba ya shiga, ƙwayar kolajin ta yi girman da ba za ta iya ratsa fatar sama ba, a waje take zama ta riƙe danshi, fuska ta yi laushi na wasu awoyi, abin da man shafawa mai araha ma zai yi miki kenan. Na sha kuma in ya isa ciki narkewa yake kamar kowane furotin, jiki ya raba shi inda ya ga dama, ba wai zai ɗauka ya kai miki ƙasan ido ba. Akwai binciken da suka nuna ɗan ƙarin danshi da laushi, amma da yawansu masu sayar da kayan ne suka biya kuɗin yinsu, ni dai ban cika sakin jiki da su ba. Ba zai cutar da ke ba, amma da ni ce kuɗin a man kare rana zan sa.

Abin da aka tabbatar yana taɓa ƙananan tamoji shine wani man magani da ake rubuta sunansa tretinoin, a Amurka an amince da shi dan ƙurajen fuska tun 1971, sai a 1995 aka amince da shi dan tamojin da rana ke jawowa. Yana sa fata ta ƙara yin kolajin amma sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga wani abu, farko yana sa saɓa da raɗaɗi, kuma a baƙar fata in aka zafafa sai ya bar tabo, dan haka likita ne zai rubuta miki ya gaya miki yadda za ki fara kaɗan-kaɗan da dare. Mai ciki ba ta shafa shi, kuma kar ki ce ai al'ada ta fara wasa ciki ba zai shiga ba, yana shiga sarai.

TAMBAYA: Salam. Ni direba ne shekarata 52. Matata ta dame ni wai in dinga shafa man kare rana, ni kuma nace wannan ai na Turawa ne, mu baƙaƙe Allah ya riga ya yi mana namu. Waye mai gaskiya a cikinmu?

AMSA: Malam kana da rabin gaskiya, uwargida na da sauran rabin, kuma nata ya fi nauyi. Gaskiya ne melanin, wato sinadarin da ke sa fata baƙi, kariya ce. Ƙwayoyin da ke yin sa yawansu kusan ɗaya ne a jikin baƙi da fari, bambancin shine namu sun fi aiki. An taɓa aunawa a 1979 aka ga fatar sama ta baƙin mutum tana tare rana daidai da man kare rana da ke da lambar ƙarfin kariya (SPF) kusan 13, ta Bature kuma kusan 3. Shiyasa tamoji kan makara kafin ya zo mana, kuma kansar fata ta rana ba ta yi yawa a cikinmu ba.

Amma yi wannan gwajin yau in za ka yi wanka, dubi fatar bayan hannunka da wuyanka, sannan ka ɗaga hannu ka dubi ta cikin damtsenka wajen hammata. Shekarunsu ɗaya, rana ɗaya aka haife su, ɗaya ta yi duhu ta yi kaushi ɗaya tana nan lukwi. Wannan bambancin ba na shekaru ba ne, aikin rana ne. Hasken rana na ɗauke da wasu haskoki da ido baya gani, UVB shi ke ƙona fatar sama, UVA kuma yana nutsawa har hawa na biyu yana karya kolajin da ilastin, yana ratsa gajimare yana kuma ratsa gilashin tagar mota. A 2012 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga hoton wani direban babbar mota mai shekara 69 da ya yi shekara 28 yana tuƙi, gefen fuskarsa na hagu da ke wajen taga ya yamutse ya zubo, na dama kuwa kamar na wani ƙaninsa. A Ostireliya kuma an bi mutum 903 'yan ƙasa da shekara 55 har shekara huɗu da rabi, sakamakon ya fito a 2013, masu shafa man kare rana kullum tsufan fatarsu ya ragu da kashi 24 cikin 100 in aka kwatanta da masu shafawa in sun ga dama. Su fararen fata ne, haka ne, amma mu namu tsufan ta launi yake fara nunawa, fuska ta yi dabbare-dabbare, kumatu da goshi su fi sauran duhu, ƙurji ɗaya ya fito ya warke tabonsa ya yi wata da watanni, kuma duk rana ce ke ƙara musu ƙarfi.

Nemi mai lamba 30 ko sama wanda ke tare UVA da UVB duka, ka shafa a fuska da wuya da kunne da hannu da safe, in wuni za ka yi a waje ka ƙara. Wasu na sa baƙin mutum ya yi fari fat kamar an watsa masa toka, in ka gamu da irinsa ka canza wani, akwai masu ɗan launi da ke bin fata. In ka ce kai sam ba za ka iya ba, to aƙalla riga mai dogon hannu da hula mai baki. In kuma kana shan taba to ita ce ta biyu bayan rana, tana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai wa fata jini tana kuma cinye kolajin, an gwada da tagwaye masu kama ɗaya, mai sha ya fi ɗan'uwansa jakar ƙasan ido da tamojin baki.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki rufa min asiri ki ban shawara. Shekara 6 ina shafa man haɗi na ƙara haske, yanzu jijiyoyi sun fito min kore-kore a cinya da hannu, ga nankarwa manya jajaye har a damtse, gaɓoɓin yatsuna baƙi ƙirin, saman kumatuna kuma wani baƙi ya fito wanda duk man da na ƙara sai ya ƙaru. In na daina kwana uku sai ƙaiƙayi da ƙuraje su taso min. Shekarata 31 amma fatata kamar ta tsohuwa.

AMSA: Ƙanwata ba zan yi miki faɗa ba, fatar ta riga ta yi miki. Abin da kika lissafo kowanne da mai shi. Jijiyoyin da suka bayyana da nankarwar nan aikin sitiroyid ne, a jikin kwali za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, in man haɗi ne kuma ba za ki ga komai ba dan an juye shi a wata roba. Magani ne mai ƙarfi da ake ba masu wasu cututtukan fata na 'yan makonni, in aka yi shekaru ana shafawa sai ya hana fata yin kolajin, ta yi siriri, ma'ana abin da shekara 40 za ta yi a hankali shi ya yi miki cikin 6. Kuma yana shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon suga, ga ciwo in an ji baya saurin warkewa, in tiyata ta kama ɗinki ma wahalar kamawa yake.

Baƙin saman kumatu da ke ƙaruwa in kin ƙara mai, wannan ya fi kama da sharrin hydroquinone, wani sinadarin da ake sawa a man ƙara haske. Farko yana haskawa, in an daɗe sai ya juya ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi can cikin fata, likitoci a Afirka ta Kudu sun yi bayaninsa tun 1975 a jikin mata masu bilicin, kuma yana daga cikin tabon da suka fi wuyar magani. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001. Na uku da ake samu a irin wannan man shine makyuri, wani ƙarfe mai guba, shi ƙoda da jijiyoyi yake taɓawa, yana kuma isa ga jariri a ciki da ta nono, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata a 2013 ta fara da hana man da makyurinsa ya wuce miligiram 1 a kilo, amma har yau ana kama masu ɗauke da ninkin haka sau dubbai.

Kar ki daina rana ɗaya ke kaɗai a gida. Wanda ya daɗe yana shafa sitiroyid a duk jiki, jikinsa kan rage yin nasa na halitta, in aka yanke kwatsam bayan ƙaiƙayin da ƙurajen mutum na iya galabaita sosai. Ɗauki robobin duka ki kai wa likitan fata, ki faɗi gaskiyar shekarun, a auna jininki da suga da ƙoda, a janye miki a hankali. Za ki yi duhu fiye da asalin kalarki na wasu watanni kafin ta daidaita, nan ne mafi yawa ke karaya su koma, ki shirya wa wannan tun yanzu. Siririn fatar kan ɗan farfaɗo, nankarwar za ta dusashe amma ba za ta ɓace duka ba, gara in gaya miki yanzu.

TAMBAYA: Wasu ƙananan baƙaƙen tsiro ne suke fito min a kumatu da gefen ido da wuya, irin na mamana sak, kuma ƙaruwa suke. Sannan ita maman wasu fararen ɗigo-ɗigo sun fito mata a ƙwauri, har ana ce mata ko kuturta ce.

AMSA: Na fuskarki gado ne 'yar'uwa, sun yi yawa a baƙar fata, suna farawa bayan balaga su dinga ƙaruwa da shekaru, ba kansa ba ne ba a kuma ɗauka. In sun dame ki likitan fata na cire su da ɗan ƙarfe mai wuta cikin mintuna, amma kar ki ɗaure da zare ko ki ɗiga musu wani ruwa mai ƙuna, tabon da zai bari ya fi tsiron muni. Na Mama kuma in ƙanana ne zagayayyu, sumul, a ƙwauri da bayan hannu, to ƙwayoyin launi ne suka gaji a wuraren, shekaru da rana ke kawo shi. Tabon kuturta yawanci ya fi haka faɗi kuma wurin baya jin taɓawa, ki sa ta rufe ido ki shafa auduga a kai, in tana ji da sauƙi, in ba ta ji ku je asibiti, ita ma kuturtar yanzu magani na warkar da ita.

TAMBAYA: Likita mahaifinmu ne shekararsa 79, susa yake dare da rana musamman ƙafa da baya har yana jin ciwo, fatar ta bushe tana fari. Abu kaɗan ya buge shi sai jini ya kwanta a hannunsa. Kuma kullum cewa yake sanyi yake ji, sai ruwa mai zafi sosai yake wanka da shi sau biyu a rana.

AMSA: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka muku da alheri. Ina zargin wankan nan ne babban mai laifi. Fatar tsoho maiƙonta ya ragu, ba ta riƙe ruwa, sai a zo da ruwan zafi da sabulu mai kumfa da soso mai kaushi a kwashe ɗan abin da ya rage. Fata tana da ɗan tsami na halitta, a ma'aunin pH wajen 5 take, sabulun gama-gari kuwa 9 zuwa 10 yake, fatar yaro takan gyara kanta da wuri bayan wanka, ta tsoho sai ta daɗe. Ku mayar da ruwan mai ɗumi kawai, kuma wani ya dinga taɓa masa kafin ya shiga dan jin zafi ma raguwa yake da shekaru, tsofaffi da yawa na ƙonewa ba su sani ba. Sabulu mara ƙamshi a hammata da matsematsi da ƙafa ya isa, a ajiye soson, a tsane jiki da tawul ba gurzawa ba, sannan tun jikin da danshi a shafe shi da basilin ko wani mai mai kauri, a ƙara kafin barci. A yanke masa farce.

In kun yi haka sati 2 zuwa 3 ba sauƙi to a auna jini, ƙaiƙayi a tsoho wani lokacin daga ciki yake, ƙoda ko hanta ko suga ko ƙarancin jini, ko ma wani maganin da yake sha. In kuma akwai wasu a gidan da ke susa da dare, ku duba tsakanin yatsu, kazuwa ce, kowa sai ya yi magani lokaci ɗaya.

Kwanciyar jinin saboda abin da ke tallafe da ƙananan jijiyoyi ya yi siriri, ɗan bugu sai su fashe, in a bayan hannu ne kawai ba abin tsoro ba ne, amma in yana shan asfirin ko maganin tsinka jini, ko jinin na kwanciya a fatar ciki da ta baya ko yana fitowa a dasashi, ku gaya wa likitansa. Sanyin kuma kitsen ƙasan fata ne ya ragu, ku ƙara masa sutura maimakon zafin ruwa. Kishiyar haka ma tana nan, baya zufa kamar da, lokacin zafi zai iya galabaita bai ce yana jin ƙishi ba, ku dinga miƙa masa ruwa. Ranar da kwanciya ta kama shi, Allah ya kiyaye, a dinga juya shi duk awa 2, ana duba ƙugu da diddige, dan gyambon kwanciya cikin 'yan awoyi yake farawa.

TAMBAYA: Wani baƙin tabo ne a tafin ƙafata, da ƙarami ne yanzu cikin wata 8 ya faɗaɗa, gefensa ba daidai ba, baya ciwo. Shekarata 58. Abokina yace tawadar Allah ce in share.

AMSA: Alhaji kar ka share, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce gaggawa a yau. Tawadar Allah ba ta canzawa haka a wannan shekarun. Akwai wata kansar fata mai suna melanoma, a jikin baƙin mutum ba a inda rana ke duka ta fi fitowa ba, tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce take zaɓa, kuma rashin ciwon ne ke sa a makara. Ita ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa ta fara aka ɗauka ciwon ƙwallo ne. Ban ce ita ce a ƙafarka ba, ba a ganewa daga saƙo, amma tabon da ke girma, mai kala fiye da ɗaya, mai karkataccen gefe, ko ya wuce milimita 6, ko yana jini, dole a yanki kaɗan a kai ɗakin gwaji. Masu baƙin layi a farce kar hankalinku ya tashi, a baƙar fata wannan ya zama ruwan dare musamman in a farata da yawa ne, wanda ake tsoro shine guda ɗaya da ke faɗaɗa ko baƙin ya malalo kan fatar gefen farcen. Kai dai cikin satin nan ka ga likitan fata ko na tiyata, kar ka bari kowa ya ƙona ko ya kankare maka shi kafin a gwada, in an kama ta tana sama-sama yankewa kawai ake yi a rabu da ita.